Yini Guda A Gindin Wata Mota A Agege

Duk wanda ya saba bin manyan titunan Ikko, ko hanyar Abeokuta ce ko ta Ikorodu, ya taɓa ganin mota ta durƙusa a tsakiyar kwalta kamar raƙumi, tayar gaba ɗaya ta kwanta waje guda, mai ita yana tsaye da hannu a ka. Direbobi su kan ce ƙafa ce ta cire. In ka tsaya yi masa jaje zai rantse maka cewa haka kawai abin ya auku, ba zato ba tsammani. To, ni dai ban cika yarda da wannan rantsuwa ba. Ƙafar mota ba ta cirewa sai ta yi makonni tana ƙara, wani lokaci ma watanni, sai dai ko ba a saurare ta ba, ko kuwa an kai ta inda ba a san abin da take faɗi ba.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne wani yini da na yi kwanan baya a wani gareji a nan Agege. Akwai wani aminina a Zango, cikin zuriyar fataken goron nan da suka zauna a Agege tun bayan da hanyar jirgin ƙasa ta isa Kano a 1911, goro ya sami hanyar Arewa. Ɗansa ya tara 'yan kuɗinsa ya sayi motar gudu ta hannu, irin wadda mutanen nan ke kira tokumbo, ƙirar Japan, mai ƙofa biyu, gajeruwa har cikinta ya kusa shafar ƙasa. Damina ɗaya ta yi a hannunsa ta soma surutu. In ya shiga gargada sai a ji ƙwas-ƙwas daga gaba ta hagu. In ya hau titi mai kyau ya ba ta wuta, sai ta riƙa yawo, yana gyara sitiyari ba hutawa. In ya taka birki kuwa sai sitiyarin ya yi ta karkarwa a hannunsa.

Gareji biyu ya kai ta kafin labari ya iso gare ni. Na farko ko ɗaga ta ba su yi ba, suka danna gabanta da hannu suka ce shokozoba ce. Ya sayi guda biyu sababbi aka sa, kuɗi suka tafi, ƙara tana nan. Na biyu suka shiga ƙarƙashi da guduma, suka yi 'yan buge-buge, ƙara ta ɗauke kwana huɗu ta dawo. Ana cikin haka yaron ya ce da ita zai tafi Kano bikin abokinsa, tafiyar wajen kilomita 1,000. Nan ne hankalin uban ya tashi, ya roƙe ni in raka shi wurin wani dattijon makaniki da na daɗe da sani, wanda ya koyi aiki tun zamanin Peugeot 404.

Da muka isa, dattijon bai ko dubi jak ba. Ya zaunar da yaron a kan benci ya yi ta yi masa tambayoyi kamar likita. Yaushe ƙarar ke fitowa, a ƙananan ramuka ko a manya? In an karya kwana, ko in an miƙe? Da safe ma tana yi, ko sai mota ta yi zafi? Ta taɓa faɗawa rami da ƙarfi? Yaron ya ce, "Baba, sau ɗaya ne, cikin ruwan sama, ban ga ramin ba." Dattijon ya ce, "Ai ba wanda ke ganinsa, ɗana, shi ya sa yake cin mota."

Sa'an nan ya tashi ya shafa tayoyin gaba da tafin hannu. Ya nuna mini gefen ciki na tayar hagu, ya cinye har ya yi santsi, alhali gefen waje da sauransa. Ya ce taya ita ce shaidar farko. In gefe ɗaya ya cinye, ƙafa ta karkace. In ka shafa ka ji zanen yana da kaifi ta fuska ɗaya kamar haƙoran zarto, tayoyin ba sa duban gaba sosai, ko sun haɗa kai ko sun buɗe. In kuwa ta cinye wuri-wuri, nan kwari nan tudu, sa'an nan ne za a fara zargin shokozoba. Babu wannan alama ta ƙarshe a tayar yaron. Watau tun daga nan aka gane cewa kuɗin da ya kashe a garejin farko sadaka ya yi.

Kafin in ci gaba, ya kamata mai karatu ya san abin da ake nufi da ƙafar mota, don ba abu ɗaya ba ne. Tayar gaba tana da aiki biyu a lokaci guda: ta yi sama da ƙasa bisa ga hanya, ta kuma juya dama da hagu bisa ga sitiyari. Saboda haka ba a ɗaure ta kam a jikin mota. Akwai wani ƙarfe da ke riƙe da ita, shi kuma an haɗa shi da jikin mota da hannuwa masu siffar gwafa. Inda hannun ya haɗu da jikin mota akwai roba mai kauri da ake kira bushin. Inda ya haɗu da ƙarfen taya akwai boljoyin, wanda dunƙulen ƙarfe ne a cikin kwarinsa, kamar yadda kan ƙashin cinya ke zaune a gurbinsa na ƙugu, an cika shi da giris an rufe da 'yar hular roba. Daga sitiyari kuma akwai sanda da ake kira tayarod, ita ke tura taya ta juya, ita ma da irin wannan dunƙule a kowane kai. Sai sifirin da ke ɗauke da nauyi, da shokozoba da ke hana mota rawa, da 'yan gajerun sanduna da makanikai ke kira linkej. Kowace mahaɗa cikin waɗannan tana iya sakewa, kuma kusan dukkansu kukansu iri ɗaya ne a kunnen wanda ke zaune a cikin mota.

Ƙafar gaba iri biyu ce aka fi gani a titunanmu. Akwai wadda sifirin da shokozoba suke haɗe a tsaye kamar ginshiƙi, da hannu ɗaya a ƙasa. Ita ake kira MacPherson, sunan injiniyan Amurka da ya ƙago ta, kuma tana jikin Ford Consul da aka fito da ita a Ingila a 1950. Ita ce a gaban Peugeot 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, ita ce kuma a yawancin ƙananan motocin yau. Ɗayar kuwa mai hannu biyu ce, na sama da na ƙasa. Masu ƙera motocin gudu suna son ta don tana riƙe taya daram a kan kwalta in an shiga kwana da gudu. Ita ce a jikin Mazda MX-5 tun fitowarta a 1989, ita ce kuma a motar yaron nan.

Wannan bambanci ba na ado ba ne, don shi ke nuna inda za a kafa jak. A irin ta farko nauyin mota yana bi ta ginshiƙin ne, boljoyin na ƙasa jagora kawai yake yi, saboda haka sai a ɗaga mota ta jikinta a bar taya tana reto. A irin ta biyu, in sifirin a kan hannun ƙasa yake zaune, to boljoyin na ƙasa shi ke ɗauke da nauyin wannan kusurwa ta mota dare da rana. In ana son a ji ko ya sake, sai an sauke masa kayan tukuna, watau a kafa jak a ƙarƙashin hannun ƙasa, kusa da taya. In ba haka ba, sau da yawa ƙarfin sifirin ya kan matse shi, a girgiza a ji shi lafiya lau, a sallami mai mota da mutuwarsa a gaba.

Haka dattijon ya yi. Ya sa aka tokare tayoyin baya da duwatsu, ya kafa jak inda ya kamata, ya kuma sa ƙarfen tokara a ƙarƙashin shasi, don ya ce shi bai yarda ya sa ko yatsa a ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita ba. Ya kama tayar sama da ƙasa ya girgiza. Muka ji ɗan motsi. Ya ce wa yaronsa ya shiga ya taka birki ya riƙe, ya sake girgizawa. Motsin yana nan. Ya ce da boris ne ya mutu, da birki ya kama motsin ya ɓace. Tun da bai ɓace ba, sai a dubi boljoyin. Ya zura liba a ƙarƙashin tayar ya ɗaga, ya ce in sa hannuna a kan mahaɗar ƙasa. Wallahi ji na yi dunƙulen yana hawa yana sauka a cikin kwarinsa. Da aka haska tocila, ga hular robar a yage, giris ya ƙare, sai jar ƙasa da tsatsa. Ga kuma sawun guduma a gindin kwarin, inda mutanen gareji na biyu suka daddake shi don ya matse.

A nan ne na ga ran dattijon ya ɓaci. Ya ce wannan aiki da ake yi, na daka boljoyin da guduma, ko cusa masa leda ko guntun fata, ko ɗiga masa walda, rufe bakin mota ne kawai don kada ta yi magana. Ƙarfen da ya cinye ba ya komowa. Kuma a irin wannan ƙira nauyin mota yana jan dunƙulen ne waje daga kwarinsa, ba ciki yake tura shi ba, saboda haka ranar da bakin kwarin ya gaji, fita zai yi gaba ɗaya. Wannan ne asalin sunan da Honda Accord ta shekarun 2003 zuwa 2007 ta yi a bakin direbobin ƙasar nan na cire ƙafa. Ƙirarta ke nan, mai hannu biyu, kuma mota ce mai daɗin tuƙi, amma ba ta yafe wa wanda ya ƙyale boljoyin ko ya sa mata na banza. Daga ƙirar 2013 kamfanin ya koma MacPherson a gaba. Mai karatu ya tuna cewa motar da ke gudun kilomita 100 a sa'a tana cin wajen mita 28 a kowace daƙiƙa. In ƙafa ta cire a wannan gudu, ba sitiyari, birkin ma sai abin da Allah ya yi.

Bai tsaya nan ba, ko da yake an kama babban ɓarawo. Ya kama tayar ta gefe da gefe ya girgiza, don jin tayarod. Ya ce in motsin a kan waje yake za ka ji shi a hannu kusa da taya. In a ciki yake sai ka matsa robar da ta rufe bakin rak ka ji shi yana bugawa a ƙarƙashin yatsunka. Na motar yaron lafiya suke. Ya sa liba a jikin bushin ɗaya bayan ɗaya yana lanƙwasawa. Na bayan hannun ƙasa na hagu ya tsage har ya rabu da ƙarfensa, na dama ma ya fara. Shi ne mai sa sitiyari karkarwa in an taka birki, don duk lokacin da birki ya kama, tayar sai ta ja baya kaɗan ta dawo. Linkej ɗaya kuma ya sake, shi ne mai yawan surutun nan a ƙananan ramuka, ga shi kuwa shi ya fi kowa araha, ya kuma fi kowa rashin haɗari. Abin mamaki ke nan game da ƙafar mota: mai yawan ihu ba shi ne mai kisa ba.

Daga ƙarshe ya sa aka sauke motar a kan ƙafafunta a bisa rami, yaronsa yana kaɗa sitiyari dama da hagu a hankali, shi kuma yana ƙasa yana bin kowace mahaɗa da hannu, har da notocin da suka ɗaure rak a jikin mota. Ya ce ya kan duba wurin da kyau musamman a motocin gudu, don wasunsu daga Ingila ko Japan suke zuwa da sitiyari a dama, a juya shi a gareji, tun da ƙasar nan ta koma bin hannun dama ranar 2 ga Afrilu 1972. In juyin bai yi kyau ba, a nan ake samun walda da ramukan da aka huda da ka. Ta yaron da sitiyarinta na hagu aka ƙera ta. Duk binciken nan bai kai sa'a guda ba, kuma ba a kwance noti ko ɗaya ba.

Na tambaye shi me ya sa irin waɗannan motoci ba sa jimrewa a nan, alhali 504 ta yi shekaru tana zuwa Kano tana dawowa da buhunan goro a bayanta. Ya ce in dubi taya. Tayar 504 mai lamba 175 a kan wili 14, tsayin robarta daga bakin wili zuwa ƙasa ya kai wajen milimita 140. Ta motar yaron 225/45 ce a kan wili 17, nata bai wuce milimita 101 ba, ga shi kuma da tauri. Sifirin gajere ne mai ƙarfi. Saboda haka dukan da taya da sifirin suke shanyewa a 504, a nan kai tsaye yake isa ga boljoyin da bushin. An ƙera ta ne don titi mai santsi. Mu kuwa, ko da yake gadar Pen Cinema da aka buɗe a 2021 ta raba mu da tsallaka dogo da cunkoson wurin, da ka sauka ka shiga lungunan unguwa sai ramuka da tudun rage gudu, in damina ta sauka kuma ruwa ya rufe su duka. Hular roba ta yage, ruwa da yashi su shiga, sai su zama kamar dutsen niƙa a cikin mahaɗar.

Sai maganar sayen kaya, wadda ita ma rabin aikin ce. Dattijon ya rubuta wa yaron abin da zai sayo a kasuwar Ladipo da ke Mushin: boljoyin na ƙasa biyu, bushin biyu, linkej biyu. Yaron ya ce ai na dama bai mutu ba. Ya ce tare aka haife su, hanya ɗaya suka bi, in ɗaya ya tafi ɗayan yana ɗaura kaya. Ya hana shi sayen boljoyin na hannu, ya ce fitila ko ƙofa ko wili a saya tokumbo ba laifi, amma abin da ke cinyewa daga ciki ido ba ya ganin sauran kwanansa. Ya ce ya tafi da lambar shasi, ya nemi na kwali mai sunan kamfanin da aka sani, ya kuma gwada da hannu: mai kyau da ƙyar yatsa ke karkata sandarsa, wanda ke lilo da kansa a bar musu abinsu. Ya kuma gargaɗe shi kan bushin da ake yankawa daga tsohuwar taya. A tsohuwar a-kori-kura yana iya kai mutum gida, amma a motar da ake gudu da ita ba wurinsa ba ne.

La'asar ta yi kafin kaya su iso, don mai zuwa Mushin daga Agege ba ya alkawarin lokacin dawowa. Wajen ɗaurawa na ga abubuwa uku da ban saba gani a gefen titi ba. Na farko, da matsi aka fitar da tsofaffin aka shigar da sababbin, ba da guduma ba. Ya ce wasu motocin ma, kamar BMW ƙirar E46 ta 1998 zuwa 2006, hannunsu na ƙasa na alminiyam ne, boljoyin a jikinsa yake, sai dai a sauya hannun ɗungum, kuma alminiyam in ya lanƙwashe ba a gasa shi a miƙe. Na biyu, da sifana mai awo ya ɗaure notocin, gwargwadon abin da littafin motar ya faɗa, maimakon a zura bututu a sifana yaro ya hau ya yi tsalle. Ya sa sabon fin a notin boljoyin mai haƙora, ya ce ya sha ciro ƙusar kafinta a wannan rami. Na uku, notocin bushin bai ƙarasa ɗaure su ba sai da aka sauke mota ta zauna da nauyinta. Dalili kuwa, in an ɗaure su taya tana reto, da an sauke mota robar za ta murɗe ta zauna a murɗe, ba za ta yi wata nawa ba ta tsage. Ya ce rabin bushin da ake zagin masu sayarwa a kansu, a nan aka kashe su.

Washegari da safe aka kai ta wurin masu saitin ƙafa da na'ura, abin da ake kira alaimen. Wasu su kan ga kamar ƙarin kashe kuɗi ne. To, ga lissafi: in taya ta kauce daga saitinta da digiri 1 kacal, a kowace kilomita ana jan ta a kaikaice wajen mita 17. Kafin a isa Kano an goge ta a kwalta tsawon kilomita 17 ke nan. Amma fa saiti ba ya zama a kan ƙafar da ke wasa, shi ya sa yake zuwa a ƙarshe. Wanda ke jiran ranar sabunta takardu kuwa, tun da daga 2022 gwamnatin Jihar Legas ta ce sai an kai mota an gwada ta a na'ura kafin a ba da takardar lafiyarta, ya sani gwajin nan sau ɗaya ne a shekara, damina kuwa ba ta jiran shekara ta zagayo.

Akwai abu ɗaya da ba su daidaita a kai ba. Yaron yana so a sa wa motar ƙari a kan sifirin don ta ɗan tashi daga ƙasa, kamar yadda abokansa suka yi. Dattijon ya ce ba da hannunsa ba. In an ɗaga ta, hannuwan za su zauna a karkace, boljoyin ya riƙa aiki a bakin iyakarsa, kuma riƙon kwanan da aka sayi motar dominsa ya tafi. Ya ce in tsayi yake so ya sayar ya sayi mai tsayi. Ni a nawa ganin dattijon ya fi gaskiya, ko da yake na san zafin jin cikin mota yana gurzar tudu a ƙofar gidan surukai. Yaron dai ya yi shiru, ban kuma san abin da ya ƙudura a ransa ba.

Muka fita gwaji mu uku, ni a matse a kujerar baya da gwiwoyi a ƙirji. Muka hau gadar Pen Cinema muka sauka, muka shiga wani layi mai gargada da gangan, dattijon ya sa aka kashe rediyo aka sauke gilashi. Ba ƙwas ko ɗaya. Ya ce wa yaron ya dawo bayan mako guda a sake bin notocin kafin ya kama hanyar Arewa. Sa'an nan ya naɗe tsohon boljoyin na hagu a takarda ya ba ni, ya ce, "Malam, ka kai wa Alhaji ya gani." Da dare na kai masa a Zango. Ya riƙe kwarin da hannun hagu, ya ja sandar da na dama don ya ji ƙarfinta, sai ga dunƙulen ya fito a hannunsa.